Attajirin da Ya Shuka Ƙwallon Mangwaro

Hajiya Ramlatu, na saurari hirarki a rediyo, inda kika ce asusunku na zuba jari a sababbin kamfanonin fasaha ya fi son matashin da ya yi ƙarfin halin barin makaranta. Kika kafa hujja da Huzaifa, mai manhajar nan da ke faɗa wa manoma farashin hatsi ta waya, kika ce shi ya koyar da kansa. Tun daga ranar, jikata Nusaiba, wadda saura zango ɗaya ta gama karatun kwamfuta, ta ce ba za ta koma ba. Ni tsohon malamin makaranta ne, ban iya magana ba sai da misali, sai ki yi haƙuri ki saurara.

Wani attajiri ya sauka a kasuwar ƙauye, ya tarar da wani saurayi da kwandon mangwaro irin wanda bai taɓa gani ba. Kowane ɗaya ya cika tafin hannu, ba shi da zare, ƙwallonsa ɗan siriri. Ya sha ɗaya, ya ƙara, har ruwan ya gangaro masa gwiwar hannu. Mutum ne mai son bin diddigi, sai ya shiga tambaya: yaya bishiyar take 'ya'ya, yana jure doguwar tafiya a mota, tsutsa tana kama shi? Daga ƙarshe ya tambayi wanda ya dasa. Saurayi ya daki ƙirji ya ce, "Ni da kaina, Alhaji. Ƙwallo kawai na jefa a bayan gida, sai ga shi." Amsar ta yi wa attajiri daɗi ƙwarai, kuma a nan tambayarsa ta ƙare. Ko zuwa ganin bishiyar bai yi ba. Ya saye kwandon, ya saye duk abin da ya rage a kan bishiyar, aka shanye, aka tara masa ƙwallayen. Ya koma gida ya bar noman gero a babbar gonarsa, ya shuke ta da su. Maƙwabta suka ce attajiri ba ya zuba dukiyarsa a banza, su ma suka roƙi ragowar ƙwallayen suka cika gonakinsu.

Aka yi shekaru ana ban ruwa ana sayen gero a kasuwa. Da bishiyoyin suka fara 'ya'ya, sai ga wasu 'yan ƙanana, zare kamar soso, wasu kuma tsami mai kashe haƙori. Mamaki ya fi ɓacin rai yawa a zuciyar attajiri: yaya za a yi uwa ta yi zaƙi haka, 'ya'yanta su fito haka? Ya kama hanya ya koma ƙauyen, ya ce a kai shi gindin bishiyar. Ya zagaya ta, ya ɗaga kai, bai ga komai ba. Da ya durƙusa sai ya ga wani kumburi daidai tsayin gwiwa, ɓawon da ke ƙasansa daban, na samansa daban. Ya ɗora yatsa a wurin ya dubi mai bishiyar, wanda yanzu ya zama magidanci. Shi kuwa ya sosa ƙeya ya ce lallai ƙwallo ya jefa, kuma ya tsiro. Amma kawunsa ne, mai aiki a wani lambu mai nisa, ya zo da reshen wata bishiya mai kyau a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, ya fille kan tsiron, ya tsaga shi, ya cusa reshen ya ɗaure har suka haɗe. Mahaifiyarsa kuma ta kewaye shi da ƙaya saboda awaki, ta yi ta ɗauko masa ruwa duk rani. Attajiri ya ce, "To me ya hana ka faɗa mini?" Ya ce, "Alhaji, na ga amsar farko ta ishe ka."

To, Hajiya, ni na san gwiwar wannan bishiya taku. Gaskiya ne Huzaifa ya bar jami'a, amma a shekarar ƙarshe, kuma don wani banki ya ɗauke shi aiki ne, inda wani ƙwararre ya zaunar da shi kusa da teburinsa yana gyara masa kuskure. Kafin nan marigayiya Malama Turai ta hana kanta hutun Asabar tana koya masa lissafi a makarantarmu, ina gani da idona. Sanin kasuwar hatsi kuwa a rumfar mahaifinsa ya tashi da shi. Ke ma da kike zaɓen waɗanda za a ba jari, ai ba daga sama kika faɗo ba. Na ji an ce kin daɗe kina duba takardun masu neman rance kafin a damƙa miki amanar dukiyar mutane. Me ya sa a nan kika tsaya a amsar farko?

Ba godiya na zo nema ba. Ina so ki koma gidan rediyon nan, a shirin nan dai, ke da Huzaifa, ku faɗi labarin daga tushe, ku ambaci sunan Malama Turai, kafin a rufe rajistar zangon nan. Nusaiba ba ta ƙara jin maganata, taki take ji, kuma ba ita kaɗai ke shirin barin geronta ta shuka ƙwallo ba. Nan gaba kuma, duk wanda ya kawo miki kwando mai zaƙi, ki ce ya kai ki gindin bishiyar, ki durƙusa ki duba. Hausawa dai sun riga sun faɗa: matambayi ba ya ɓata.