Ma'aunin da Ya Yi Shiru

Tunda ka ce dokar nan tamu ta ajiye tsohuwar manhaja ɓata lokaci ce, jawo kujera ka ji wani misali.

An yi wata injiniya a wani kamfani mai lura da kogi. Sun kakkafa ma'aunai a gaɓa, kowanne yana aika tsayin ruwa zuwa manyan kwamfutocin da suke haya ta intanet. Can manhaja take lissafi, in ta hango ambaliya sai ta tura saƙo wayoyin mutanen ƙauyuka goma sha ɗaya su hau tudu. Al'adar gidan ita ce duk gyaran da aka yi sai an ba shi lamba an adana, kuma sabuwar manhaja ba ta karɓar aiki sai ta yi mako guda ana gwada ta tare da tsohuwa a kan ƙauye ɗaya. Injiniyar nan akwai ƙwaƙwalwa, sai dai akwai garaje. Ta rubuta sabuwa mai sauri, ta ga mako guda ya yi mata nisa, wata Alhamis a tsakiyar Agusta ta ɗora ta a kan ƙauyukan gaba ɗaya. Har ta so ta goge tsohuwar, dattijon da ke riƙe da ma'ajiya ya hana. Ta fita tana ce masa sarkin tara komatsai.

Washegari da hantsi allon kwamfutar ofis ya nuna kore, wato lafiya lau. Sai ga wayar innarta daga ƙauye na biyu: kogi ya yi ja, yana tafe da itatuwa, amma tunda ba a turo saƙo ba sun ce bari su zauna. Nan take ta koma kan kwamfuta. Ta duba ta ga ma'aunin da ke can sama ya daina magana tun da safe, ruwa ya tumɓuke shi. Tsohuwar manhaja in ma'auni ya yi shiru, haɗari take ɗauka. Tata kuwa sifili ta rubuta, kamar kogin ya ƙafe. Gyara zai ci wuni guda, ruwa kuma bai fi tafiyar awa ɗaya ba tsakaninsa da ƙauyen farko. Mutum dubu nawa za ta kira da baki? Sau uku tana kuskure kalmar sirrinta. Dattijon ya buɗe ma'ajiya, ya nemo lambar tsohuwar manhajar da aka sauke jiya, ya mayar da ita. Minti tara aka yi ana jira, ba mai iya kallon wani, ita tana ta salati tana ganin tsakar gidan innarta a ido. Sai allo ya koma ja, saƙo ya fita. Ƙauyuka goma sun hau tudu da awakinsu. Na farko kuwa a ruwa iya ƙirji suka fita, yara a wuya, suna ji suna gani rumbunansu suka bi kogi. Ba a rasa rai ba, amma har yau matar nan in ta ga allo kore da damina sai gabanta ya faɗi.

To, kai ma rubuta sabuwarka, ba mai hana ka. Amma ka bar mana ta jiya inda hannu zai kai, don da tsohuwar zuma ake magani.