Jan Dokin Gombo

Dulma ta ja ɗamarar sirdi da haƙori, domin hannunta na hagu ba ya iya wannan aiki. Shekara uku ke nan da ya karye, ya warke a karkace. Doki ne ya harbe ta, in ji mijinta Gombo, kowa kuma ya karɓa a haka.

Zangon Baba Luvsan yana gindin dutse, daidai inda hanyar dawaki ta fara hawa. Tantunan ulu shida ne da doguwar igiyar ɗaure dawaki. Daga nan Gombo ke kwasar baƙin birni ya haura da su. Daga nan kuma ya tashi da kaka, wai zai duba hanya, sai jan dokinsa ne ya dawo da sirdi babu mahayi. Ita Dulma a gidan mahaifiyarta aka same ta da labarin. Kashegari ƙanƙara ta rufe dutsen, kuma wata bakwai ba a ga ko takalminsa ba.

Yanzu ƙanƙara ta narke. Sambu, wan Gombo, ya aiko cewa yana tafe da mutum huɗu. Dabararsa ba wuya: doki ba ya manta inda ya firgita. Gobe zai hau jan, ya sakar masa linzami, ya ga inda zai toge.

Dulma ba za ta iya jiran gobe ba. Abu ɗaya ya hana ta sakat tun da kaka, wato ko dokin ya tuna wurin.

Luvsan ya fito da kwanon shayi mai gishiri. "'Yata, ki jira mazan mana. Ke ba ki taɓa hawa hanyar nan ba, farin dokin nan naki ma bai san ta ba."

"Mijina ne, Baba. Ba zan ji daga bakin wani ba."

"Wannan taurin kai, ko akuya sai haka," in ji tsohon, amma ya riƙe mata likkafa.

Ta hau farin, ta naɗe wa jan ragamarsa a wuya, ta bar shi ya bi yadda ya so. Suka ratsa kurmi, suka ƙetare rafi mai sanyin da ke sa dawaki huci. A wajen tarin duwatsun addu'a hanya ta rabu biyu, dawakin suka ɗauki ta hagu ba tare da ta taɓa linzami ba.

Rana na tsaka suka isa inda hanya ta matse, dutse a dama, kwazazzabo a hagu. Nan suka toge. Suka kafa ƙafafu, suka kwantar da kunne, jikinsu na rawa. Ta zunguri farin da dunduniya, ko motsi. Can ƙasa hankaki biyu suka tashi.

Ba ta sauka ba, ba ta kuma leƙa ba. Ta kifa fuska a gezar dokin ta yi kuka mai yawa, irin na wanda tsoro ya daɗe yana ci. Sannan ta juya.

Luvsan na ganin idonta ya ajiye itacen da yake faskarawa. "Ya tsaya?"

"Ya isa haka, Baba. Kunna mini turare."

Ta zaro shuɗin ƙyalle daga ƙirjin rigarta, sabo fil, da alama tun daga gida ta taho da shi. Tsohon ya gane, ya girgiza kai, amma wa zai hana mai takaba? Ya karanta addu'a, ta zuba wa jan madara daga goshi zuwa gindin wutsiya, ta ɗaura masa ƙyallen a wuya. Dokin da aka yi wa haka ya zama na dutse. Ba mai hawansa, ba mai jansa, ba mai sayar da shi har ya mutu. Ta zaro ƙyalle na biyu, ta yi wa farin haka.

Tana zare ragama ta ƙarshe ƙurar su Sambu ta bayyana. Ya diro tun dokinsa bai gama tsayawa ba.

"Dulma, me kika yi? Kin haukace ne?"

"Na sake shi, Yaya. Don ran ƙanenka."

"Don ransa? Yana can kyarkeci na wasa da ƙashinsa, ke kina nan kina yi wa doki wanka da madara. Uwarmu ta hana kanta abinci, so take ta san inda zai kwanta."

Ya miƙa hannu zai kama gezar jan. Mutanensa huɗu suka ja da baya, ɗaya har ya kau da kai. Luvsan ya riƙe masa hannun riga.

"Kul, Sambu. Kana da 'ya'ya, kana da garke." Ya rage murya. "Yarinyar nan ba ta so a tabbatar mata, shi ke nan. Muddin ba a ga gawa ba, a wurinta yana hanya."

Sambu ya tofar da yawu. Ya daɗe yana kallon dawakin suna gangarawa fadama, sannan ya ce, "To, na Gombo na ji. Naki fa, me ya haɗa shi?"

"Tare suka tashi, Yaya. Ba zan raba su ba."

Luvsan ya share ido da bayan hannu, yana cewa a ransa bai taɓa ganin mace mai son miji kamar wannan ba.

Dulma ta ɗauki sirdinta da hannun dama, ta rungume shi, don yanzu da ƙafa za ta koma gida. Ba ta yi baƙin cikin rasa farin ba. Ɗazu a bakin kwazazzabo shi ya riga jan tsayawa, a daidai inda ta ture Gombo daga kan sirdi.