Tsohuwar Bakin Taga

Duk ranar da Malam Kalilu zai koyar da tarihi, sai wata tsohuwa ta zo. Daga yankin da Faransa ke mulka take ƙetarowa, ta wuce dutsen iyaka, ta rakuɓe a bakin tagar makarantar Jibiya. Ba sallama, ba gaisuwa.

Shekarar ce Arewa ta karɓi mulkin kai, Malam kuwa bakinsa bai hutawa. Yana gaya wa yara yadda Turawa biyu suka ja layi a tsakiyar gonaki, dangi suka wayi gari rabi na Ingilishi rabi na Faransa. Yana faɗin shekarun aikin dole, lokacin da mutanen can suke miƙo jariransu ta kan dutsen don su tsira.

Tana saurare. Amma da ya waigo sai ta kau da fuska, ta ja mayafi. Ya yi mata magana, ta amsa wa bango. Ko sau ɗaya ba ta kira sunansa ba.

Wannan kau da kai shi ya fi tayar masa da tsigar jiki. Sai ga yara biyu sun kwanta zazzaɓi, gari ya ɗauka: mayya ce! Iyaye suka fara janye 'ya'yansu. Makarantar da ya sha wuya kafin ta cika tana neman watsewa a hannunsa. Haba, ina dalili! Ya je wurin masu tsaron iyaka, ya sa aka hana ta ƙetarowa.

Yara suka dawo. Ita kuwa kullum ana hango ta bayan dutsen, a tsaye cikin rana, tana fuskantar makaranta. Damina na faɗuwa aka daina ganinta. Malam ya so ya ji daɗi, amma tagar nan ta hana shi sakat, yana magana yana waige.

Ran nan Baba Maharazu, wanda ya raine shi, ya iso daga Farfaru, idanu jajur. Ya ce tsohuwar nan ta rasu a ƙetare.

"Ita ka kora, Kalilu? Ita ce fa ta miƙo min kai ta kan dutsen nan. Ta rantsar da ni kada in faɗi, don kada Faransa su ce kai nasu ne."

"Baba, matar da ko kallona ba ta yi?"

Tsoho ya share hawaye. "Yo a ƙasar nan, wace uwa ce take kallon ɗan farinta a ido?"