Ruwan Gwaji

Wallahi ko na dafa Alƙur'ani ba za ku yarda ba, amma ni ɗin nan da aka kora daga aji uku saboda na sa wa malamin lissafi kwaɗo a aljihu, shekara uku ina wasa da hankalin masu digiri.

A masana'antar narka batir nake aiki. Tsofaffin batiran mota ake kawo mana a kwantena daga ƙasashen da ba sa son warinsu, mu fasa, mu narka darmar, a sake lodawa a mayar musu da ita fes. Ruwan batir ɗin kuwa bututu yake bi ya faɗa rafin bayan katanga. Kifi ya fara tasowa ciki a sama, daga baya kwaɗi suka yi tsit. Da masu lambu suka zo ƙorafi, ni na tare su a ƙofa, na ce su gode wa Allah, yanzu kifi da kansa yake kawo kansa, ba sai an jefa ƙugiya ba.

Ni dai kakata ta yanke saƙa. Ga albashi, ga gidan haya a jikin katanga, ga rijiya a tsakar gida, ba ruwan matata da layin famfo.

Ana nan sai masu sayen darmar suka ce lallai a riƙa gwada ruwan rafin duk shekara. Aka turo wata mai gwaji, siririya mai tabarau, wadda ko goro ba ta karɓa. Manaja ya kira ni gumi na karyo masa.

"Kai Shaƙiyyi, ka saba iya shege. Yau ga ranarka."

Aikina in riƙe mata akwati. Ta ɗebi ruwa a kwalba, ta yi rubutu a jiki, ta miƙo min. Kafin mu kai mota na musanya ta da irinta. Rubutun hannu kuwa tun ina makaranta nake kwaikwayon sa hannun hedimasta. Manaja ya so in cika tawa da ruwan roba, na yi dariya.

"Ranka ya daɗe, ruwan roba ya cika tsabta, ko makaho zai gane. Ka bar ni da nawa."

Takarda ta fito, rafi lafiya lau. Shekara ta zagayo, na maimaita. Masu lambu suka kwashe nasu ya nasu suka tashi, muka ƙara tukunyar narki biyu.

A gida ne kawai ake ɓata min rai. Matata ta ishe ni da mita: ƙwan kajinta ba ya ƙyanƙyashewa, 'yarmu kuma, wadda nake kira Mamana, kullum ciwon ciki, dasashinta ya yi duhu, shekararta huɗu amma ba ta haɗa magana.

"Baban Mama, mu kai ta asibiti mana."

"Nauyin baki ne irin na danginku," na ce. "Ai da ni ta biyo da tuni ta sayar da ke."

Bana ma na musanya kwalbar, har da fito nake a hanya. Bayan mako biyu aka kira ni ofis. Mai gwaji na zaune, ta jera takardu uku a tebur, Manaja na ta kallon silin kamar bai taɓa ganina ba.

"Malam, na san wannan ba ruwan rafi ba ne," ta ce. "Ba laka, ba gansakuka. Ruwan rijiya ne."

Na buɗe baki zan shirga ƙarya, ta ɗaga hannu.

"Ba kamun ka ne ya dame ni ba, wannan an gama. Shekarar farko darmar ciki kaɗan ce. Bara ta ƙaru, saura ƙiris ta haye iyaka. Bana ta ninka sau ashirin. Babba zai iya jurewa, amma yaron da ke shan wannan, abin da ta ci a ƙwaƙwalwarsa ba ya dawowa. Don Allah, a ina kake ɗebowa?"



A randar ɗakinmu nake ɗebowa, da ɗan kofin Mamana mai hoton kyanwa.