Dutsen Danne Littafi

Malam Namadi ya ɗaga takardar Basma sama, ya ce wa 'yan aji su yi tsit. Sahura ta san abin da zai biyo baya tun kafin ya buɗe baki.

Wata biyu ke nan ajin nasu, a wata sakandaren 'yan mata da ke Anka, suna nazarin wani tsohon wasan kwaikwayo na Turawa: saurayi da budurwa daga gidaje biyu masu gaba, suka so juna a ɓoye, saƙo ya kasa isa, abin ya ƙare a makabarta. Wadda ta fi kowa iya sharhinsa ita za a tura Gusau gasar makarantu. Gurbi ɗaya ne, kuma Sahura ta daɗe da ɗinka sabon hijabin tafiya a ranta.

Ta cancanta kuwa. Kullum bayan la'asar tana gindin darbejiyar gidansu, littafi a buɗe, ta danne shafin da wani ɗan farin dutse na Innarta don kada iska ta juya shi. Ta haddace kamance, ta haddace alamtarwa. Dabarar nan da marubuci ke sa mai kallo ya san abin da ɗan wasa bai sani ba, ita ta fara bayyana ta a aji har malam ya tafa mata.

Amma ga shi takardar Basma ake karantawa. Basma fa, wadda ko ƙamus ba ta da shi!

Ba ta jera dabaru ba. Sai ta ɗora wasan a kan wani labari da ta ce ya faru a Abare: 'yar manoma ta so wani baƙo mai haƙar zinariya, iyayenta suka ce ba su ba wanda ba a san asalinsa ba. Ranar da zai bar gari ya aika mai tallar goro ta ce mata ta fito bakin rijiya su yi sallama. Ruwan sama ya tsare mai goron. Shi ya tafi yana zaton an ƙi shi, ita ta zauna tana zaton an guje ta. Malam ya karanta shafi biyu ya tsaya, ya ninke takardar. 'Yan aji har da masu share ido.

Kishi ya turnuƙe Sahura. Abin haushin ma, Basmar nan kullum tana gidansu. Da sunan sayen awara take zuwa, sai ta tuɓe takalmi ta shige madafa, tana taya Inna tace waken suya, suna ta ƙus-ƙus kamar sa'o'in juna. Sahura ba ta da lokacin wannan. Sau ɗaya Inna ta leƙo ta tambaye ta, "Wai mi littafin nan ka cewa ne?" Ta amsa ba tare da ta ɗago kai ba: "Ba ki ganewa, Inna, na 'yan boko ne."

Washegari ta tari Malam Namadi a bakin ofis. Ta ce labarin nan daga waya aka kwafo shi, ko kuma ƙirƙira ce aka lulluɓe da sunan gaskiya, kuma dokar gasa ta hana duka biyun. Ta faɗi haka da ladabi, hannu a baya, zuciyarta kuwa kamar garwashi.

Aka kira Basma. Malam ya ce ta faɗi wanda ya ba ta labarin, magana ta mutu.

"Malam, amana ta," in ji Basma. "Wadda tab ba ni shi tac ce in rubuta, amma kar in hwaɗi sunanta."

Ya ba ta kwana uku. Sahura ta yi ta jiran a zo a roƙe ta, ko a zage ta, ko da harara ce. Basma ba ta yi ko ɗaya ba. Sai dai ta daina zuwa sayen awara, Inna kuma ta yi ta duban ƙofa da la'asar, ta ƙona kasko biyu a kwana biyu.

Ranar Alhamis wa'adi ya cika, Basma ba ta faɗi sunan ba, aka rubuta sunan Sahura a allo a matsayin mai zuwa Gusau. Ta yi murna, ba ta ɓoye ba. Da za a tashi, malam ya miƙa mata takardar Basma ya ce ta karanta har ƙarshe kafin tafiya, wataƙila ta tsinci abin da hadda ba ta ba ta ba.

Ta zauna gindin darbejiya tana taɓe baki. Iska ta taso, ta danne takardun kamar yadda ta saba, ta buɗe shafi na uku, wanda ba a karanta a aji ba.

"A wasan, guba da wuƙa suka raba gardama," Basma ta rubuta. "A Abare ba wanda ya mutu. Ta yi aure daga baya, ta dawo Anka, ta haihu, tana dariya kamar kowa. Abu ɗaya ya bar mata, ta hannun mai goron da ta iso a makare. Da aka zo kwashe ƙasar da gubar dalma ta gurɓata aka ce kowa ya fid da duwatsun haƙa daga gida, ta ɓoye shi a haɓar zane."

Sahura ta matsar da dutsen gefe don ta ga layin ƙarshe da ya rufe.

"Ɗan farin dutse ne mai jan zaren zinariya a tsakiya, kuma a yau da shi 'yarta take danne littafi."