Jirgin Ƙasa a Kan Faifai

An zalunce ni da suna a gidanmu na Getso. Kan Kabewa ake kirana don ba na saurin amsa magana, kuma Yaya Sani ne ya laƙaba mini.

Jiya 'yata ta nuna mini fim a waya, wata mata ta gano kanta wajen haɗa gutsattsarin hoto. Na ce, "Ke, tsayar! Ai ni ce wannan!"

Ina ƙarama, wata la'asar Inna ta aike ni gidan Malama Rifkatu, 'yar Filato mai koyarwa a firamare. Na tarar ta zube gutsattsarin kwali a tabarma, suna ƙanshin kafur. Ta ce hoto ne aka yayyanka, haɗawa ake yi. "Gwada mana, 'yata."

Ni tsintar wake na iya. Na juye su a faifai, na ware shuɗi gefe, kore gefe. Ɗaya ya shige cikin ɗaya, ƙas! Na ci gaba da haɗawa. Kafin magariba ga jirgin ƙasa, har da hayaƙinsa!

Malama ta tafa hannu. "Wa ya ce miki Kabewa? Kanki ba ya gudu, amma ba ya ɓata hanya."

Maganar nan ce ta kai ni ajin yaƙi da jahilci da furfurata.

Amma a lokacin ban jira ba. Washegari na yayyanka tsohuwar kalandar Baba da reza, na zube gaban Yaya Sani yana shan koko.

"Bismillah, Yaya. Haɗa mu gani."