Tsutsar Cikin Ganyen Yakuwa

Sahura, bakina ya gaji da sasanta ki da yayarki, shi ya sa yau na ɗauki biro. Sau uku ke nan tun ƙaramar Sallah ina zaunar da ku, ki ce kin yafe, ku ci tuwo kwano ɗaya, kafin sati biyu a zo a ce mini kun sake. Jiya da kika zo, ina alwala a bakin ƙofa na ji ki a ɗaki kina sauraron muryar nan da ta aiko miki a waya ranar da kuka yi faɗan farko. Ga dai wani misali, ki karanta in kin sami zama.

Wata mata ce a wani ƙauye take da 'yar garka a bayan gida, kusa da rijiya, ta shuka yakuwa da rani. Yakuwar nan ita ce miyar gidan: a ci ɗanya, a shanya saura ta kai su har faɗuwar damina. Ba ta da mai taya ta ban ruwa. Guga ashirin da safe, ashirin da yamma, har igiya ta yi mata kanta a tafin hannu. Ta kewaye wurin da ƙaya saboda awaki, ta toshe duk inda kaza za ta kutsa. Allah ya sa albarka, yakuwa ta tashi da jan kara da faffaɗan ganye. Sai wata safiya ta ga wani farin zane a jikin ganye, siriri, yana lanƙwasa kamar an yar da zare. Ba a huda ganyen ba, ba a gutsuri gefensa ba. Ta juya bayansa, ba ta ga komai ba. Ta yi abin da ta taso ta ga ana yi, ta kwaso tokar murhu ta barbaɗa da sassafe kan raɓa. Zanen ya ƙaru, ya faɗaɗa ya zama tabo, ganye ya ƙanƙance kamar an gasa shi. Ta jiƙa ganyen darbejiya ta yayyafa, shiru. Daga nan ta sunkuya ta bi kunya kunya tana tsinke duk ganyen da ya kamu, tun hantsi har bayanta ya ƙage. To, a gidansu ba a yar da abin da ƙasa ta fitar, komai taki ne. Sai ta tara ganyen da ta tsinke ta zuba a gindin yakuwar, ta kwara masa ruwa don ya ruɓe da wuri. Garka ta yi tas, ta ce alhamdu lillahi. Kwana goma sha wani abu, zane ya dawo, ya fi na da. Ta sake tsinkewa, ta sake zubawa a gindi. Haka har sau uku, kowane karo ganyen da ya rage yana raguwa, gugan kuwa bai ragu ba.

Rannan wani tsoho mai noman lambu ya biyo da jakinsa, ya roƙi ruwa. Yana jiran jakin ya sha, ya tsinki ganye ɗaya ya ɗaga shi saitin rana, ya ce ta matso. A ƙarshen zanen nan, tsakanin fatar ganye ta sama da ta ƙasa, ga wata 'yar tsutsa tana motsi. Ya ce wani ɗan ƙuda ne da bai fi ƙwayar riɗi ba yake soka ƙwansa cikin ganyen, tsutsar ta ƙyanƙyashe a ciki, ta yi ta ci tana tafiya, toka na sama ita tana ƙarƙashi. Ya ce, "Baiwar Allah, wanda kika tsinke ina kike kai shi?" Ta nuna masa gindin yakuwar, ta ce, "Ga shi nan mana, Baba, ai taki ne." Tsohon ya tona jiƙaƙƙiyar ƙasar da yatsa, ya fito da wasu ƙwayoyi ja-ja kamar gero, ya zuba mata a hannu. Ya ce, "Nan suke sauka su kwanta, su fito da fukafukai su hau sabon ganye. Ai ke kike musu reno, har da ruwan sha." Ta daɗe tana kallon tafin hannunta, ga kantar igiya ga ƙwayoyin. Ba ta yi kuka ba, gajiya ba ta bar ta ba. Da yamma ta kwashe ruɓaɓɓen ganyen ta cusa a murhu, amma lokaci ya riga ya ƙure. Abin da ta shanya a shekarar bai cika ƙwarya ɗaya ba, kafin ruwan farko ya sauka gidan sun koma miyar kuka tsura.

Ni ban ce ba ki yafe ba, 'yata. Na ga kin tsinke ganyen, har sau uku na gani da idona. Inda kike zubar da shi ne ya dame ni. Ƙarfina ya fara ƙarewa, ban san ko Allah zai kai ni zama na huɗu ba. Ki goge muryar nan. Hausawa dai sun ce, an kashe maciji ba a sare kansa ba.